Harajin Murya

Sa'adiyya tana tsakiyar karanta wata jimla, bargo lulluɓe a kanta, gumi na gangara ta tsakiyar bayanta, sai kira ya shigo wayarta ya katse ɗaukar muryar. Ta ja ƙaramin tsaki ta yaye bargon.

Aikinta ke nan tun bara waccan. Wani kamfani da ba ta taɓa ganin ko ƙofarsa ba yakan turo jimlolin Hausa ta wata manhaja a waya, ita kuma ta karanta da muryarta ta mayar, in wata ya ƙare kuɗi su faɗo asusunta na banki. Ba sa karɓar muryar da aka ji kukan akuya ko ƙarar injin markaɗe a bayanta, shi ya sa take kulle ƙofar ɗaki ta shige cikin bargo, ko da a irin wannan bazarar ce da duwatsun Kazaure suke fara huci tun hantsi.

Baƙuwar lamba ce. Ta ɗaga ta yi sallama.

"Wa alaikumus salam. Da Malama Halima Sa'adiyya nake magana, 'yar Roni, mai aure a unguwar Kanti?"

"Ni ce. Wa ke magana?"

"Sunana Ofisa Daudu, daga sashen bincike na ofishin haraji. Malama, kina yi wa wani kamfanin ƙasar waje aikin ɗaukar murya, ko ba haka ba?"

Tun da shekarar nan ta kama ba a da zance sai na sabuwar dokar haraji. A gidan suna an yi, a cikin adaidaita sahu an yi. Wasu su ce duk abin da ya shiga asusun mutum gwamnati tana gani, wasu su ce wata rana za a wayi gari a tarar an kwashe rabi. Shi kansa kamfanin ya turo saƙo cewa kowa ya saka lambar harajinsa. Ta karanta, gabanta ya faɗi, ta rufe wurin ba ta sake buɗewa ba.

"Haka ne," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Madalla da ba ki yi musu ba. Fayil ɗinki yana gabana."

Da ma ya yi mata tsawa da ya fi sauƙi. A tsanake yake magana, kamar likita yana faɗa wa mutum sakamakon gwaji. Ya ce kuɗin waje suna shigowa asusunta ba ta taɓa biyan ko sisi ba, an tattara sunayen irinsu, an ɗora musu tara, kuma yau wa'adi yake cika. Idan la'asar ta yi ba ta biya ba, za a ƙulle asusun, 'yan sanda su zo gida su ɗauke ta zuwa Dutse.

"Ni ma 'ya'ya mata gare ni," ya ce. "Ba na son a fito da matar aure a gaban jama'a a sa ta a bayan mota. Shi ya sa na kira ki kafin takarda ta bar hannuna. Zan turo miki lambar asusun da za ki biya. Kada ki yaɗa maganar, in ta fita ba abin da zan iya yi miki."

Da ya faɗi adadin sai da ta dafa gefen gado. Ya ninka duk abin da take da shi a banki, kuma abin da ke bankin ma ba na taɓawa ba ne. Shi ta tara don komawar mijinta asibiti a Kano.

Ya kashe wayar. Sannan ta ɗauki hijabi da katin banki ta buɗe ƙofa.

Halliru, mijinta, yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ƙafarsa ta hagu a miƙe, sandunan dogarawarsa jingine da bango. Da can shi ne mai ɗauko buhunan gero da wake a mashin daga kasuwar Babura, har ranar da wata mota ta kwashe shi a hanya ta karya masa cinya. An sa masa ƙarfe, ƙarfen kuma bai zauna daidai ba. Tun daga nan muryar Sa'adiyya ce take ciyar da gidan. Shi bai taɓa cewa komai ba, sai dai duk ranar da ta auno shinkafa ba ya iya haɗa ido da ita.

Unguwa ce take cewa. An ga miji a kwance, an ga hayaƙi bai daina tashi a gidan ba, an ga 'yarsu Bilqis ta yi sabon takalmi da Sallah. Wata maƙwabciya ta taɓa tambayarta, tana dariya, wai da wa take hira kullum a ɗaki ƙofa a kulle. Sa'adiyya ta yi bayani har ta nuna mata wayar, matar ta gyaɗa kai irin gyaɗawar wanda bai yarda ba. To yau in motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gidan nan, ba wanda zai tsaya jin kalmar haraji. Kowa zai ce da ma ya faɗa.

"Maman Bilqis, ina zuwa da ranar nan?"

"Zan je wurin Haladu in ciro kuɗi."

Ya ɗago kai ya dube ta. "Wa ya kira ki?"

"Maganar aiki ce."

"Fuskarki ba ta maganar aiki ba ce."

"In na dawo zan gaya maka, Baban Bilqis. Don Allah ka bar ni in je."

Ya mayar da kai ya ce, "Allah ya tsare."

A hanya duk motar da ta taho mai buɗaɗɗen baya sai ta raɓe gefe tana kallonta. Wata fara ta rage gudu a kusa da ita, ta tsaya cak a gefen kwalbati tana salati a zuci, ashe rami direban yake kauce wa.

Shagon cirar kuɗi na Haladu wata 'yar rumfar kwano ce a bakin titin Daura. Ta jira har mutumin da ke gabanta ya tafi, ta matso ta nuna masa lambar asusun da aka turo. Ba ta yi niyyar faɗa masa komai ba, amma da ya dubi fuskarta ya tambaya, sai maganar ta zubo.

Haladu ya girgiza kai. "Ai an fara ke nan. Da ma an ce ku masu karɓar kuɗin waje da ku za a soma. Wani ya ba ni labari a Kano an ƙulle wa wani yaro asusu, har yau yana zarya." Ya danna lambobin a na'urarsa ya tsura mata ido. "Sunan mutum ne ya fito, ba na hukuma ba."

"To yaya ke nan?"

"Wataƙila nasa ne, yana so ya kashe maganar a ƙasa kafin ta hau sama. Taimakonki yake yi. Ni dai in ni ne ke, Hajiya, biya zan yi in huta. Gwamnati ba abokiyar wasa ba ce."

Ta miƙa masa katin. Ya duba abin da ke ciki ya faɗa mata, duk da ta riga ta sani. Ta koma gefen rumfar ta kira lambar.

"Ranka ya daɗe, kuɗina ba su kai ba. Mijina ba shi da lafiya, abin da ke asusun ma na asibitinsa ne. Don Allah a duba."

"Turo abin da ke akwai yanzu. Sauran ki nemo kafin la'asar."

"In na turo, motar ba za ta zo ba?"

"Malama, sai kuɗi sun cika ake rufe fayil. Yaran da za su ɗauko ki ma sun riga sun fito, na ce su tsaya su ci abinci tukuna. Ki sayar da wani abu mana. Ba ki da ɗan kunne? Ba ki da 'yan uwa a Roni?"

Ta kashe wayar ba tare da ta sani ba. Ta tsaya tana kallon titi, manyan motoci na wucewa zuwa Daura. Ɗan kunnenta ya tafi tun aikin farko da aka yi wa Halliru. 'Yan uwanta na Roni manoma ne, a wannan lokacin na shekara su ma rumbu suke leƙawa. In ta tura abin da ke asusun, kuɗin asibiti sun tafi, kuma motar za ta zo. In ba ta tura ba, motar za ta zo. Ta ga lungunsu a idonta, yara sun zagaye mota, mata na leƙe ta saman katanga, Halliru yana jan ƙafa yana neman sanduna, Bilqis ta dawo daga makaranta ta tarar.

Sai wani tunani ya zo mata, ba na jarumta ba, na wanda tsoro ya kai bango. Ita suke nema. In ta kai kanta, ba su da abin zuwa yi a Kanti.

"Ba ni katina, Haladu."

"Ba za ki tura ba?"

"Ina ofishin harajin yake?"

Ya buɗe baki yana kallonta. "Hajiya, da ƙafarki?"

Ɗan acaɓan da ya ɗauke ta ya san wurin. Tun da ta hau take karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ta tuna ba ta ɗora girkin rana ba. Ta tuna ba ta ɗauko ko zani na canji ba, kuma ba ta san ko ana barin mutum da hijabinsa a can ba. Sau biyu ta buɗe baki za ta ce ya juya, ta fasa.

Ofishin bai yi kama da abin da ta zata ba. Gini ne mai ɗakuna kaɗan, da bishiyar darbejiya a gaba, da wani tsoho mai gadi yana jin rediyo. A ciki mutum uku ne a kan benci, wani mai shagon magani da ta sani a fuska yana gardama da wani ma'aikaci kan wata takarda. Ta tsaya a gaban tebur na farko.

"Na zo in miƙa kaina," ta ce.

Gardamar ta tsaya. Ma'aikacin ya ɗago. "Ki miƙa kanki? Me kika yi?"

"Ofisa Daudu ya ce za a zo a ɗauke ni. Don Allah ku kira su, ku ce kada su je gida, ga ni na zo."

Wata mata da ke teburin ƙurya ta cire tabarau ta miƙe. Za ta yi shekara hamsin, doguwa, da ɗan harshen mutanen gabas a Hausarta. Ta kamo hannun Sa'adiyya ta shigar da ita wani ƙaramin ɗaki, ta tura ƙofa, ta miƙo mata ruwan leda.

"Sha tukuna. Sunana Ya Kura, ni ce mai kula da masu sana'ar kansu a nan. Gaya mini daga farko."

Sa'adiyya ta faɗa, maganar na sarƙewa. Ya Kura ba ta katse ta ba. Da ta gama sai ta karɓi wayar ta duba saƙon.

"Ba mu da wani Daudu a nan."

"To ko daga Dutse yake. Ya ce can za a kai ni."

"Ƙanwata, haraji ba a biyan sa a asusun mutum. Na gwamnati ne, kuma da rasit."

"Amma ya san sunana. Ya san aikina. Ya san ni 'yar Roni ce."

Kafin Ya Kura ta amsa, wayar ta yi ƙara a hannunta. Lambar ce. Sa'adiyya ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Ya Kura ta yi mata alama ta zauna, ta ɗaga, ta buɗe murya yadda za su ji su biyu.

"Malama, ban ga komai ba har yanzu," in ji muryar. "Yaran sun gama cin abinci."

"Sannu da aiki, Ofisa Daudu. Ya Kura ce daga ofishin haraji na Kazaure. Malamar ta zo da kanta, ga ta a gabana. A wane ɗaki kake, in kawo maka ita?"

Shiru. Can a bayansa aka ji kukan zakara. Sai layin ya mutu. Ya Kura ta sake kira, aka ce wayar a kashe take.

Sa'adiyya ta rufe fuska da hijabi. Ya Kura ta bar ta har ta lafa, ta kwafi lambar wayar da ta asusun a wata takarda, ta ce za su miƙa wa 'yan sanda, ko da yake ba ta yi mata alkawarin za a kama shi ba.

"Na gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri." Ta yunƙura za ta tashi.

"Kada ki tashi tukuna. Shi ɓarawo ne, amma maganar haraji ba ƙarya ba ce."

Ta koma kan kujerar a hankali.

"Aikin waya aiki ne," Ya Kura ta ce. "Da mai ɗinki, da mai shago, da ke mai karanta wa na'ura Hausa, duk abin da mutum ya samu da guminsa ana lissafa shi. Ni albashina tun kafin ya iso hannuna an cire. Ke ba mai cire miki, ke za ki zo ki faɗa. Kusan nawa kike samu a wata?"

Sa'adiyya ta faɗa, tana kallon ƙasa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har Halliru.

"To. Akwai ma'auni. Wanda abin da yake samu a shekara bai kai shi ba, ba a karɓar komai a hannunsa. Ke da alama kin ɗan haura, za ki biya wani abu. Amma ko kusa da abin da wancan ya faɗa bai kai ba, kuma ba yau ba. Ki je banki su ba ki bayanin abin da ya shiga asusunki, ki dawo mu zauna mu lissafa, a yi miki lambar da kamfanin naku yake nema."

"Ba za a ƙulle ni ba?"

"Wanda ya zo da ƙafarsa? In muka ƙulle ki gobe wa zai zo?" Ta mayar da tabaraunta. "Abin da nake so ki tuna shi ne inda ya samu labarinki. Kuna da wani zaure a waya, ku masu aikin?"

Suna da shi. Guruf ne na masu ɗaukar murya daga Kazaure da kewaye, an kai mutum ɗari, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Duk wanda aka saka sai ya gabatar da kansa, ya faɗi sunansa da garinsu da tun yaushe ya fara.

"To ba ke kaɗai ya kira ba," in ji Ya Kura. "Ki gaya musu tun yanzu."

A ƙarƙashin darbejiyar ta tsaya ta rubuta saƙon gargaɗi ta tura guruf ɗin, yatsunta na kuskure tana gyarawa. Tana turawa Yaya Dela ta faɗo mata a rai. Dela 'yar gwaggonta ce, tana zaune a Gwiwa da marayu uku. Sa'adiyya ce ta koya mata aikin da damina, ita ta saka ta a guruf ɗin, ita ta rubuta mata gabatarwar da hannunta. Dela ba ta cika samun aiki ba saboda sabis ɗin wajensu, kuma ba ta buɗe data sai za ta ɗauki murya. Ta kira ta.

"Sa'a, yanzu nake shirin kiranki." Muryar Dela a sake take, har da 'yar dariya. "Ke ma sun kira ki? Ni dai alhamdu lillahi na fita. Tun safe nake kai da kawo. Tumakin nan biyu na sa aka kai wa wani mahauci, ya taya a wulaƙance, na ce a sallama. Mutumin kirki ne wallahi jami'in, da na ce masa marayu nake riƙo har ragi ya yi mini. Ya ce ya rufe fayil ɗina. Ki yi sauri ki biya naki kafin la'asar."

Sa'adiyya ta jingina da bishiyar. Ta san abin da Dela take samu a wata. Ko rabin ma'aunin da Ya Kura ta faɗa ba zai kai ba.

"Sa'a? Kina ji na?"

"Ina ji, Yaya. Kina gida?"

"Ina zan je? Yanzu ma na samu na sa abu a bakina."

"To ki ci abincinki. Zan sake kira."

Sannan ta kira Halliru. Bugu ɗaya ya ɗaga.

"Kina ina?"

Ta gaya masa duka, tun daga kiran farko har ɗakin Ya Kura. A bayan muryarsa tana jin hayaniyar lungu, ba shirun tsakar gida ba.

"Kai kana ina, Baban Bilqis?"

"Ina ƙofar gida. Na ji rabin maganarki ta taga ɗazu. Na ce in ma wasu za su zo, su fara tarar da ni."

Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai taɓa kai kansa ƙofar gida ba tare da an riƙe shi ba.

"Ka koma ciki, ba mai zuwa. Akwai sauran ɗumame a tukunya, in Bilqis ta dawo ta ɗumama muku. Ina so ka bar ni in je Gwiwa."

"Gwiwa kuma? Lafiya?"

"Ya kira Yaya Dela. Ta sayar da tumakinta ta biya. Ba ta sani ba tukuna, murna take yi."

Ya ja numfashi. "Ba za ki faɗa mata a waya ba?"

"Ni na saka ta a ciki. Ba zan faɗa mata a waya ba."

"Je ki," ya ce. "Ki kwana in ta kama."

A tasha motar Gwiwa saura mutum biyu ta cika. Ta shiga ta zauna a jikin taga, kusa da wata tsohuwa mai ƙullin gishiri. Daga wani masallaci aka fara kiran sallar la'asar, gabanta ya faɗi kamar yadda ya wuni yana faɗuwa, duk da ta san ba mai zuwa. Direba ya tayar da mota. Ita da ta saba a turo mata jimla ta karanta, ta soma neman wadda za ta fara da ita in Dela ta fito tarbarta, har suka bar Kazaure ba ta samu ba.